Dril, birin da ya rage tsakanin koguna biyu: doka ta hana taɓa shi, amma yana ƙarewa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kumba zuwa Mamfe a kudu maso yammacin Kamaru, ko ya tsallaka gadar Mfum daga Ikom ya shiga Ekok da kaya, ya ratsa ta ƙofar gidan wani biri da babu irinsa a ko'ina cikin duniya sai a wannan kusurwa. Da wuya a ce ya gan shi. Masu bincike ma kan yi makonni suna yawo a dajin ba su yi arba da shi ba. Sunansa dril, haka ake kiransa da Faransanci da Ingilishi, masana kuma suna ce masa Mandrillus leucophaeus. Hausa ba ta raɗa masa suna ba, domin bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba.

Koguna biyu ne suka yi wa gidansa iyaka: kogin Kuros a Najeriya ta arewa maso yamma, da kogin Sanaga a Kamaru ta kudu. Bayan nan sai tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda ke cikin teku daura da gaɓar Limbe. Idan aka haɗa dukkan dajin da ya rage masa, bai kai murabba'in kilomita 40,000 ba, wato kusan girman yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Kuma ba a haɗe yake ba, gutsattsari ne da gonaki da hanyoyi da garuruwa suka rarraba. Kusan kashi 80 cikin 100 na wannan daji a Kamaru yake. Ƙiyasin masana ya nuna cewa waɗanda suka rage a daji 'yan dubbai ne, ba su kai 10,000 ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa, yarjejeniyar CITES kuma ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Abin mamaki shi ne, ƙasashe ukun da yake zaune a cikinsu duk sun ba shi kariya a dokokinsu. Duk da haka yawansa raguwa yake yi.

Ba bika ba ne

Wanda ya ga hoton dril zai iya ɗauka cewa bika ne, wato gwaggon birin nan da aka saba gani a duwatsun arewa ko a hannun masu wasa da biri a kasuwa. Masanan Turai ma sun daɗe suna lissafa shi cikin dangin bika, tun bayan da Bafaranshen nan Frédéric Cuvier ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1807. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa kamar ce kawai. Danginsa na kusa su ne mandril, birin nan mai jan hanci da shuɗin kumatu, da kuma wasu birai na kurmi da ake kira mangabe. Kogin Sanaga ne ya raba shi da mandril: dril a arewacin kogin, mandril a kudancinsa har zuwa Gabon da Kwango.

Fuskarsa baƙa ce wuluk, tana sheƙi kamar an shafa mata mai, farin gashi kuma ya kewaye ta. Jikinsa ruwan ƙasa ne mai duhu da ya ɗan yi kore. Wutsiyarsa guntuwa ce, ba ta wuce ɗan yatsa da yawa ba. Babban namiji yana da jan layi a ƙarƙashin leɓensa, ɗuwawunsa kuwa launi-launi ne, ja da shuɗi da ruwan hoda. Wannan ado ba na banza ba ne. An lura cewa namijin da ya fi ƙarfi a garke shi ya fi kowa hasken launi, don haka sauran maza na iya gane matsayinsa tun daga nesa ba sai an gwabza ba. Yana kuma da wani wuri a ƙirjinsa da ke fitar da wari, wanda yake gogawa a jikin itatuwa.

Bambancin girma tsakanin namiji da mace ya yi yawa ƙwarai. Ƙosasshen namiji kan kai kilo 30, alhali mace ba ta cika wuce kilo 12 ba. A ido sai a ce ba jinsi ɗaya ba ne.

Rayuwa a ƙasan kurmi

Dajin da dril ke ciki na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Afirka. A gandun dajin Korup ruwan shekara kan haura milimita 5,000. A Debundscha, gindin dutsen Kamaru ta ɓangaren teku, da Ureca a kudancin Biyoko, yakan kai 10,000. A Garwa kuwa ruwan shekara wajen 1,000 ne. Itatuwa dogaye ne, rassansu sun haɗe a sama, ƙasa kuma duhu-duhu ne ko da tsakar rana.

Yawancin biran wannan kurmi a sama suke rayuwa, suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Shi dril a ƙasa yake wuni. Tafiya yake yi da ƙafa huɗu, yana tona ruɓaɓɓen ganye, yana juya gumagumai, yana tsintar 'ya'yan itatuwan da suka faɗo. Hannuwansa ƙarfafa ne, turamen haƙoransa kuma manya, suna fasa ƙwallo mai tauri da sauran birai ke bari. Yana cin gara da tururuwa da naman kaza da saiwoyi da ƙananan dabbobi. Yana da jaka a cikin kumatu inda yake cusa abinci ya tafi da shi. Idan yamma ta yi sai garken ya hau bishiya ya kwana.

Binciken da aka yi kan kashinsa a Korup ya nuna cewa cikin 'ya'yan itatuwan da yake yawan ci har da mangwaron daji, itacen da masana ke kira Irvingia gabonensis. Wannan itace ba baƙo ba ne ga 'yan kasuwa. Ƙwallonsa ne ake fasawa a busar a samu ogbono, wanda ake lodawa buhu-buhu daga ƙauyukan Mamfe da Mundemba zuwa Ikom da sauran kasuwannin Najeriya. Ashe dril da mai miya a gindin itace guda suke kiwo.

Dril ba ya zaman kaɗaici. Garke guda kan ƙunshi birai 20 zuwa 30, mata da 'ya'yansu da babban namiji, wani lokacin kuma garkuna kan haɗu su haura 100. Da yake a cikin duhun kurmi ba kowa ke ganin ɗan'uwansa ba, da murya suke riƙe juna. Namiji na yin wani gurnani mai kauri, mata da yara na amsawa da kuka mai kaifi. Garke mai yawa haka yana buƙatar daji mai faɗi, domin itacen da ya nuna a wannan wata ba shi zai nuna a wata mai zuwa ba, dole su yi ta zagaye.

Waɗannan halaye guda uku, tafiya a ƙasa da yawan garke da surutu, su suka raya shi shekaru aru-aru. Su ne kuma suka zame masa ajali da bindiga ta shigo.

Kare da bindiga

Garken da ke tafiya a ƙasa yana barin sawu da wari, kare kuwa ba ya ɓatan wannan. Mafarauci kan shiga daji da karnukansa, su ɗauki sawu, kukan biran kuma ya ƙarasa nuna masa inda suke. Idan karnuka suka cim musu, dril ba ya ci gaba da gudu. Bishiya yake hayewa, garken gaba ɗaya, su lafe a rassa suna kallon karnukan da ke haushi a ƙasa. Ga dabbar da ba ta iya hawa, wannan dabara ta wadatar. Ga mutum mai bindiga kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Sai ya tsaya a gindin itacen ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya har harsashinsa ya ƙare. Ta haka ake iya kashe birai da dama, wani lokacin mafi yawan garke, a wuni guda.

Lissafin mafarauci a fili yake. Harsashi guda kan ƙaramin birin sama zai ba shi kilo uku ko huɗu na nama. Harsashi guda kan namijin dril zai ba shi ninkin wannan sau da yawa. Shi ya sa manyan maza ake fara nema.

Haihuwar dril kuma ba ta iya cike wannan giɓi. Mace na ɗaukar ciki kusan wata shida, ta haifi ɗa guda, ta yi ta goyonsa, sai an haura shekara kafin ta sake haihuwa. Gafiya ko ɓeran daji za su iya jure farauta saboda yawan haihuwarsu. Garken dril da aka karkashe a rana ɗaya kuwa sai an yi shekaru kafin ya farfaɗo, idan ma an bar shi ya farfaɗo. Kuma idan gutsuren dajin da yake ciki ya yanke daga sauran, babu wasu da za su shigo daga waje su maye gurbi.

Akwai wani abin tausayi da ke biyo bayan irin wannan farauta. Jariri kan faɗo manne da gawar uwarsa. Ba shi da naman da za a sayar, don haka sai a ɗaure shi da igiya a ƙauye, ko a kai shi bakin hanya a sayar wa matafiyi a matsayin abin wasa. Duk ɗan dril da aka gani a hannun mutum, to uwarsa ta mutu, mai yiwuwa tare da wasu da yawa.

Wa ke saye?

Sau da yawa idan ana maganar naman daji sai a ɗora laifin duka kan talakan ƙauye da yunwarsa. Gaskiya ne mutanen kurmi sun dogara da naman daji tun kaka da kakanni, domin yankin ba ya karɓar kiwon shanu. Amma farautar da ke ƙarar da dril ba ta tukunyar gida ba ce, ta kasuwa ce. Ana banda naman a daji, a ɗauko shi a kai zuwa bakin hanya, dillalai su saya, mota ta kai shi birni, inda masu hali ke biyan kuɗi fiye da na naman sa saboda marmari. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Babu inda wannan ya fito fili kamar tsibirin Biyoko. Dril ɗin can wani reshe ne na daban, wanda ya rabu da na babban yanki tun lokacin da teku ta taso ta yanke tsibirin, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara haƙar man fetur a ƙasar, kuɗi suka shigo birnin Malabo. Daga shekarar 1997 wasu masu bincike na jami'ar ƙasar da takwarorinsu na Amurka suka fara zuwa kasuwar naman daji ta Malabo kusan kullum suna ƙirga abin da aka kawo. Zuwa 2010 sun ƙirga gawar dabbobi kusan 200,000, cikinsu har da birai sama da 35,000. Abin da alƙaluman suka nuna shi ne, yadda arziki ke ƙaruwa haka cinikin ke ƙaruwa. Wato wadata ce ta hura wutar, ba talauci ba.

A watan Oktoban 2007 shugaban ƙasar ya sa hannu kan dokar da ta haramta farauta da sayarwa da cin naman biri. Nan take birai suka ɓace daga kasuwar. Amma da mafarauta da dillalai suka ga babu wanda ake kamawa, sai suka dawo, kuma adadin biran da ake kawowa ya zarce na kafin dokar. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Daga baya kuma aka shimfiɗa kwalta har zuwa Ureca, ta ratsa keɓaɓɓen dajin Gran Caldera, mafaka mafi girma da ta rage wa biran tsibirin. Wurin da a da sai an yi doguwar tafiyar ƙafa ko an shiga jirgin ruwa, yanzu mota na zuwa.

Hanya, katako da kwakwar manja

Sare daji ba sabon abu ba ne a yankin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Jamusawa suka buɗe manyan gonaki a gindin dutsen Kamaru, waɗanda suka koma hannun kamfanin CDC a 1947, ana noma ayaba da roba da kwakwar manja. Ƙananan manoman koko su ma suna ta kutsawa. Amma ɓarnar hanya ta fi ta gatari saurin isa ga dril. Kamfanin katako na iya zaɓar 'yan itatuwa ya sare ya bar sauran a tsaye, sai dai hanyar da ya fasa domin fitar da gumagumai tana nan, kuma ta ita mafarauci ke shiga, ta ita nama ke fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A shekarar 2009 gwamnatin Kamaru ta ƙulla yarjejeniya da wani reshe na kamfanin Herakles Farms na Amurka kan fili sama da hekta 73,000 domin noman kwakwar manja. Filin ya faɗa ne tsakanin Korup da wasu keɓaɓɓun dazuzzuka na yankin, wato daidai inda dabbobi ke bi su tsallaka daga wannan zuwa wancan. Bayan ƙorafin mazauna ƙauyuka da ƙungiyoyi, a 2013 aka rage shi zuwa kusan hekta 20,000. A ɓangaren Najeriya kuma, a 2015 gwamnan jihar Kuros Riba na lokacin, Ben Ayade, ya ƙaddamar da shirin wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260, gwamnatin jihar ta kuma ce ta karɓe filin kilomita 10 a kowane gefenta. Mutanen Ekuri, waɗanda suka shahara wajen kula da dajinsu na gado, na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata, har aka janye batun karɓe filin a 2017.

Labarin da ya fi ɗaukar hankali a 'yan shekarun nan shi ne na dajin Ebo, a yankin Littoral, arewa da kogin Sanaga, ba da nisa sosai da Duwala ba. Ebo da Korup su ne wurare biyu da masana ke ɗauka a matsayin manyan mafakar dril a Kamaru. A Ebo akwai wani ƙaramin garken gorila da masana ba su san da shi ba sai a farkon shekarun 2000, akwai kuma biran cimfanzi da ke fasa ƙwallo da dutse, su kuma zura tsinke a suri su kamo gara. Tun 2006 ake maganar mayar da dajin gandun ƙasa, ba a yi ba. A watan Yulin 2020 aka fitar da dokar ba da hekta 68,385 daga cikinsa domin yankan katako. Aka yi ca daga ciki da wajen ƙasar, cikin masu magana har da ɗan wasan fim na Amurka Leonardo DiCaprio, kuma a watan Agusta shugaba Paul Biya ya ba da umarnin janye dokar. Masanan tsirrai na lambun Kew da ke Ingila har suka sa wa wani sabon itace da aka gano a dajin sunan ɗan wasan. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Afrilun 2023 firaminista Joseph Dion Ngute ya sa hannu kan wata dokar da ta sake ware wannan fili domin katako.

Batun Ebo ba na biri da kamfani kawai ba ne. Dajin ƙasar gado ce ta al'ummar Banen, waɗanda aka fitar da yawancinsu daga ƙauyukansu a lokacin tashin hankalin da ya biyo bayan neman 'yancin kai, wajen shekarun 1960. Kaburburan kakanninsu na ciki, kuma da yawansu na son komawa. Kansu ya rabu: wasu na ganin kamfanin katako ne zai kawo musu hanyar da gwamnati ba ta yi ba, wasu na ganin za a kwashe arzikin ne a bar su da kufai. Ba daidai ba ne a zauna a birni a ce wa mutumin da ba shi da hanyar kai mara lafiya asibiti ya haƙura saboda biri. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ya sa hanyar ƙauye ba ta samuwa sai an haɗa ta da zarto.

Gandu a takarda, gandu a ƙasa

A taswira dril yana da mafaka mai kyau. An kafa gandun Korup a 1986, faɗinsa murabba'in kilomita 1,260. A tsallaken iyaka akwai gandun Kuros Riba da Najeriya ta kafa a 1991, mai sassa biyu, Oban da Okwangwo. Oban na jingine da Korup, Okwangwo kuma da gandun Takamanda da Kamaru ta kafa a 2008. Ga dabba, wannan daji ɗaya ne. A dokar Kamaru dril na cikin rukunin A, wato dabbobin da ba a yarda a kashe su ko a riƙe su ba. Dokar gandun daji ta 1994 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10, sabuwar dokar da ta maye gurbinta a watan Yulin 2024 kuma ta ƙara tsananta hukuncin.

A ƙasa kuwa labarin daban ne. Daga 2013 masu bincike suka rataye na'urorin naɗar sauti a itatuwan Korup, suna ɗaukar ƙarar daji dare da rana. Da aka saurari abin da suka ɗauka, sai ga ƙarar bindiga a tsakiyar gandun da aka hana farauta. Mafi yawan harbin da dare ake yi, kuma yana ƙaruwa gab da bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da kowa ke neman kuɗi, kasuwar nama kuma ke ci. Amfanin wannan dabara shi ne ta ba hukuma ma'auni na gaskiya. A da ana auna aikin jami'an gandun daji ne da yawan kilomitan da suka taka a sintiri. Yanzu ana iya tambayar ko harbin ya ragu.

Sai kuma rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya zo ya dagula komai. Ya fara da zanga-zanga a ƙarshen 2016, ya rikiɗe zuwa faɗa da makamai a 2017, kuma yankin Kudu maso Yamma, inda Korup da Takamanda suke, na cikin inda abin ya fi ƙamari. Sintiri da bincike suka tsaya a wurare da dama. Mutane suka gudu daga ƙauyuka suka fake a daji, inda ba su da abin ci sai abin da suka kama. Dubun-dubata suka tsallaka zuwa Najeriya, da yawansu suka sauka a jihar Kuros Riba. Makamai kuma suka yawaita a hannun jama'a.

Marayun Kalaba da Limbe

A ƙarshen shekarun 1980 mutane da yawa sun ɗauka dril ya riga ya ƙare a Najeriya. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, waɗanda suka iso ƙasar a 1988, suka shiga dazuzzukan Kuros Riba suka tabbatar da cewa yana nan. Suka kuma riƙa cin karo da marayu a ƙauyuka. A 1991 suka buɗe cibiyar renon dril a Kalaba ƙarƙashin ƙungiyarsu mai suna Pandrillus, daga baya suka ƙara wani wuri a gindin dutsen Afi, inda biran ke zaune garke-garke a cikin daji na gaske da aka kewaye da wayar lantarki. A 1993 ƙungiyar ta haɗa hannu da gwamnatin Kamaru aka mayar da tsohon gidan namun dajin Limbe cibiyar karɓar dabbobin da aka ƙwace. A shekarar 2000 kuma gwamnatin jihar Kuros Riba ta keɓe dutsen Afi a matsayin mafakar namun daji.

Renon ya yi nasara. Marayun sun girma sun hayayyafa, har suka kai ɗaruruwa. Sai dai nasarar ta zo da nata nauyin, domin kullum sai an ciyar da su, kuma manufar tun farko ita ce a mayar da su daji. Sakin garken da ya saba da ganin mutum a dajin da kare da bindiga ke yawo daidai yake da miƙa shi ga mahauci. Shi ya sa rabin aikin irin waɗannan cibiyoyi a wajen shinge yake: sayen abincin biran daga manoman ƙauyukan da ke kewaye, ɗaukar 'ya'yansu aiki, mayar da tsofaffin mafarauta masu sintiri. A Ebo ma, masanin nan ɗan Kamaru Ekwoge Abwe ya yi shekaru yana aiki da sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka kan wannan turba. Tafiya ce mai jinkiri, ba ta kuma da armashin labari, amma ita ce ke taɓa lissafin mafarauci kai tsaye.

Inda abin ya shafi ɗan kasuwa da direba

Hausawan Duwala da Kumba da Mamfe, da na unguwar Bogobiri a Kalaba, ba masu cin naman biri ba ne, don haka mai karatu na iya ganin ba ruwansa. Amma hanyar da naman ke bi ita ce hanyar da manja da katako da ogbono da namijin goro ke bi. Ƙunshin banda da wani ya roƙi direba ya ɗora masa a saman kaya, ko ɗan birin da aka saya wa yara a bakin hanya don tausayi ko sha'awa, duk suna iya jefa mutum cikin shari'a, domin a dokar Kamaru wanda aka kama da dabbar rukunin A, a raye ko wani sashe nata, ana ɗaukarsa tamkar shi ya kama ta ko ya kashe ta. Wanda ya sayi maraya da niyyar ceto kuma, ya nuna wa mai sayarwa ne cewa akwai kasuwa. Inda ya dace a kai rahoto shi ne ofishin ma'aikatar gandun daji mafi kusa, su ne ke miƙa irin waɗannan dabbobi ga cibiyar Limbe.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Yawancin itatuwan kurmi ba iska ce ke yaɗa irinsu ba, dabbobi ne. Dril na fasa wasu ƙwallaye ya cinye, amma ƙananan iri na fita a kashinsa nesa da inda ya ci, manya kuma yakan ɗauke su a kumatu ya yar a gaba. Giwar kurmi da gorila da manyan tsuntsaye na yin irin wannan aiki. Idan aka ƙarar da su, dajin zai ci gaba da tsayuwa kore shar, mai wucewa a mota ba zai ga bambanci ba, amma 'ya'yan itatuwa za su riƙa zuba a gindin uwa suna ruɓewa. Sai bayan shekaru masu yawa, idan tsofaffin itatuwan suka fara faɗuwa, za a lura cewa na bayansu sun yi ƙaranci.

A watan Afrilun 2024 ministocin Najeriya da Kamaru suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar haɗin gwiwa wajen kula da dazuzzuka da namun dajin da ke kan iyakarsu, bayan shekaru ana jan maganar. Idan aka aiwatar da ita, jami'an Oban da na Korup za su iya yin sintiri tare, mafaraucin da ya yi harbi a wannan ɓangare kuma ba zai tsira don ya tsallaka rafi ba. Gadar Mfum, wadda aka buɗe a 2022 a kan kogin Kuros, ta riga ta sauƙaƙa wa manyan motoci zirga-zirga tsakanin Bamenda da Inugu, ta tsakiyar wannan daji.